Daga Ikko Zuwa Badagiri Ta Ruwa



Idan ka ce wa Bahaushe ya hau bayan tirela daga Kano zuwa Ikko, ya kwana biyu a kan buhunan albasa rana na dukansa, ba zai yi maka musu ba, iyaka ya nemi rawani ya naɗe fuskarsa saboda ƙura. Amma ka ce masa ya shiga kwalekwale na minti goma kacal, nan za ka sha tambayoyi: zurfin ruwan gaba nawa ne, akwai kada a ciki, in abin ya kife wa zai fid da wa? Ba abin mamaki ba ne, domin mu mutanen tudu ne. In ka cire Sarkawa da masuntan Argungu da na Yawuri, yawancinmu ruwan da muka sani bai wuce na rijiya da kududdufin bayan gari ba, sai ko Tiga da Bagauda ga wanda makaranta ta taɓa kai shi yawon buɗe ido. Shi ya sa za ka tarar da dubban 'yan'uwanmu a Agege da Idi-Araba da Obalende da Alaba Rago, wani ya shekara 30 wani 40 a garin da ruwa ya yi wa ƙawanya, amma bai taɓa ganin garin daga kan ruwa ba, sai dai ya hango ruwan ta tagar mota in ana tsallaka gada.

Kawuna, yayan mahaifiyata, yana cikin irin waɗannan. Ya sauka Ikko a 1975 yana ɗan saurayi, shekarar da ɗaruruwan jiragen siminti suka yi cincirindo a bakin teku suna jiran layin sauke kaya. Goro ne ya kai shi, goro kuwa gadonmu ne, don mu Agalawa ne, kakanninmu da jakuna suke zuwa Gwanja, su yi wata da watanni a hanya kafin su dawo Kano da kaya. Shi Kawu a Agege ya ya da zango, yana saye a hannun Yarabawa, ya jera a huhu da ganye ya aiko Arewa. A nan ya yi aure, a nan ya haifi 'ya'yansa, a nan kuma ya binne uwargidansa. Yarabanci kuwa a bakinsa sai ka rantse a Abekuta aka yanke masa cibiya.

A ƙarshen 2023 ya tara iyalinsa ya ce shi kam ya gaji, bayan ƙaramar salla zai tattara ya koma gida, ya ƙarasa sauran kwanakinsa kusa da kaburburan iyayensa. Wannan ba wanda ya ja da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne da ya ce babban ɗansa ya sayar da abin da ya mallaka su tafi tare, domin ba zai bar zuriyarsa ta narke a kurmi ba. Shi kuwa ɗan nasa, wato taubashina, harkar fiton kaya yake yi a tashar Apapa, Allah kuma ya buɗa masa. A Agege aka haife shi, zuwansa Kano bai wuce a ƙirga da yatsu ba, daga biki sai ta'aziyya. Bai ce wa mahaifinsa a'a ba, amma kuma bai ce to ba. Sai aka shiga wani irin zama na gaisuwar safe da ta yamma, daga nan kowa ya kama bakinsa. Ga shi ɗan fari ne, Kawu ko sunansa ba ya kamawa, balle su zauna su baje magana a faifai. Mahaifiyata ce ta ce in shirya in je, tunda ni abokin wasan ɗan ne, uban kuma yana sakin jiki da ni.

Taubashin nawa shi ya kawo shawarar jirgi. Su huɗu ne suka haɗa kuɗi suka sayi wani ɗan jirgin shaƙatawa mai inji biyu a baya, mai ɗaukar mutum goma, suna ɗaure shi a mashigin ruwan da ya raba Ikoyi da tsibirin Biktoriya. Ya ce da ni, “Kai bawana, aikinka ɗaya ne, ka shawo mini kan Baba ya shiga. Shekara 49 yana Ikko amma ƙeyarta kawai ya sani, ina so ya ga fuskarta kafin ya yanke mata hukunci.” Tun muna yara haka muke, ya ce mini bawansa in ce masa bawana. Na ce, “To ubangijin ƙarya, in ya ƙi fa?” Ya ce, “Sai in sayar da kai in sayi man jirgi.”

Kwana uku ina lallashin Kawu yana ce mini shi ba kifi ba ne. Wadda ta karya shi a ƙarshe jikarsa ce, 'yar taubashin nawa mai shekara tara, wadda Hausarta ba ta wuce gaisuwa da “na ƙoshi” ba. Ta tsaya a gabansa ta ce masa da Yarabanci ai ta gane, Alhaji tsoro yake ji. Ya zabura ya ce, “Ke amarya, ni? Ni da na ga Ikko tun ba a san za a haifi ubanki ba?” Shi ke nan, magana ta ƙare.

Wata Asabar ce cikin watan Janairun 2024, da misalin ƙarfe takwas na safe muka isa bakin ruwa. Hazo ya rufe gari, gine-ginen tsallake sun zama kamar zane a jikin farin ƙyalle. Kawu ya shaƙi iskar ya ce, “Hunturu ne, iskar gida ce ta biyo ni har nan.” Matuƙin jirgin wani dattijo ne ɗan ƙabilar Egun, haifaffen Badagiri, baƙi siriri, idanunsa jajur saboda iskar gishiri. Kafin ya tayar da inji sai da ya tabbatar kowa ya ɗaura rigar ruwa, don doka ce a jihar, kuma shi ba ya wasa da ita. Mai karatu, da ka ga Kawu da rigar nan ruwan goro a kan babbar riga, ga hula zanna ya danna har kunne, da ka yi dariya ko da a ɓoye ne. Ya fasa goro ya miƙa wa matuƙin, suka gaisa da Yarabanci, ya yi addu'ar hawa abin hawa, sannan ya damƙi ƙarfen gefen kujera da hannu biyu.

Muna fita daga mashigin sai ga mu a tsakiyar babbar tashar. Tirƙashi! Jiragen da nake gani a talbijin kamar akwatin ashana, ashe kowanne ya fi unguwa guda tsawo, mu kuwa a gindinsu kamar ƙuda a gefen raƙumi. Marina tana damanmu da dogayen benayenta, Apapa tana gabanmu da injinan ɗaga kaya sun miƙa wuya sama. Babu ƙarar hon, babu kwandastan da ke ihu, babu hayaƙin danfo. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce da ni, “Ka san Alhassan Ɗantata ta ruwan nan ya riƙa shigo da goro daga Ankara ta ƙasar Gana, lokacin da sauran fatake ke fama da jakuna?” Na ce na taɓa karantawa. Ya ce, “To shi ma Ba'agale ne.” Na lura ya saki hannu ɗaya daga ƙarfen.

Matuƙin ya karkata hagu ya nufi bakin da tafkin Ikko ke haɗuwa da teku. A nan ne ake ganin dogayen ganuwoyin duwatsu guda biyu da suka kutsa cikin teku, ɗaya gabas ɗaya yamma. Turawan mulki ne suka soma jera su a 1908, domin kafin nan yashi ne ke toshe bakin, manyan jirage sai dai su tsaya can waje a riƙa fito da mutane da kaya a ƙananan jirage. Ganuwar ta buɗe wa jirage hanya, amma ta jawo wata ɓarnar. Igiyar ruwa a wannan gaɓa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, to da duwatsu suka tare shi sai ya taru a yamma, gabas kuma teku ta yi ta cin ƙasa ba mai mayar mata. Haka ta cinye Babbic, bakin tekun da duk wanda ya zo Ikko a da sai ya je ya ɗauki hoto. Kawu ya ce sau ɗaya ya taɓa zuwa, zamanin da ake ɗaure 'yan fashi a jikin durom ana harbewa a bainar jama'a, tun daga ranar bai sake marmarin wurin ba. Ya ce a nuna masa inda yake. Matuƙin ya nuna wani fili da benaye suka tsiro a kansa, wato sabon garin Eko Atlantic da aka soma cike teku da yashi don gina shi wajajen 2008. Kawu ya girgiza kai ya ce, “Ikko ke nan, ka kwana ka tashi ka tarar an sayar da teku.”

A daidai bakin nan ne muka ɗanɗani ainihin teku. Jirgin ya riƙa hawa wani tudun ruwa yana gangarowa, cikina ya riƙa bin sa sama da ƙasa, yarinyar nan tana ta shewa, Kawu kuwa leɓensa kawai ke motsi. Ba mu jima ba matuƙin ya shigar da mu Takwa, wani lungu da ganuwar yamma ta kare shi daga haukan igiya. Farin yashi ne shimfiɗe, ruwan a kwance, ga wasu samari can gefe suna hawa igiyar ruwa a kan allo kamar masu sukuwa, ga tsohuwar hasumiyar fitilar jirage tana leƙowa ta bayan itatuwa. Babu hanyar mota da ta zo nan, sai ta ruwa. Wuri ne mai kyau ƙwarai, sai dai matuƙin ya nuna mana kangaye a bayan rumfunan masu shaƙatawa. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna wurin cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, bisa dalilin cewa ana fasa bututun mai a yankin. Ya ce akwai waɗanda ya sani da aka haife su a nan, suka tsufa a nan, aka loda su a kwalekwale da katifunsu a ka. Kawu ya kalli ɗansa ta wutsiyar ido, ya ce da ni, “Ka ji ko? Wanda aka haifa a wurin ma ke nan.” Taubashina bai tanka ba.

Daga nan muka juyo muka kama mashigin Badagiri, wanda ya miƙe yamma yana bin gefen teku har ya shiga ƙasar Benin ya kai Fotonobo. Tashar Tinkan tana damanmu, wadda aka buɗe a 1977 saboda irin cunkoson da Kawu ya tarar, tsibirin da ake kira na Maciji kuma yana hagu. A nan taubashina ya matso kusa da mahaifinsa, ya riƙa nuna masa kwantenoni jere kamar an gina gari da su, yana faɗa masa yadda kaya ke sauka, da takardun da ake bi, da yawan yaran da ke ci a ƙarƙashinsa, Hausawa da Yarabawa da Ibo. Ashe tsawon shekarun nan Kawu bai taɓa ganin inda ɗansa ke neman abinci ba. Ya tambaye shi, ba tare da ya dube shi ba, “Duk wannan sai an biya kuɗin fito kafin ya fita?” Ya ce, “Sai an biya, Baba.” Ya ce, “Mu ma haka kakanninmu suka biya a bakin Kwara.” Wannan ita ce magana mafi tsawo da na ji ta shiga tsakaninsu tun zuwana.

Bayan mun wuce tashoshin sai duniya ta canja. Ruwan ya kwanta luf, launinsa kamar shayin da ba madara. Dama da hagu wasu itatuwa ne da ke tsaye cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, bayansu kuma itatuwan kwakwa iya ganinka. Ta hagu tsirin yashi ne kawai ya raba mu da teku, har kana jin rugugin igiyarta kamar hadari na tasowa daga nesa. Muka wuce ƙauyukan masunta, gidajen katako da na kaba, mata na shanya kifi a kan hayaƙi, yara tsirara suna tuƙa kwalekwale su kaɗai kamar yadda namu ke kora jaki. Muka ga inda aka kakkafa rassan itace cikin ruwa don kifi ya taru ya yi gida, in ya yi yawa a kewaye da koma. Muka ga masu haƙar yashi, ƙarti majiya ƙarfi, mutum ya nutse da bokiti ya ɗebo daga ƙasan ruwa ya juye a jirgin katako, haka zai yi ta yi har jirgin ya kusa shan ruwa. Da wannan yashin ake gina benayen da muka baro.

Abin da ya burge ni da matuƙin nan, duk inda ya hango ƙaramin kwalekwale sai ya rage wuta tun daga nesa, ya wuce a hankali ya ɗaga musu hannu. Na tambaye shi dalili, Kawu ya yi mini tafinta. Ya ce igiyar da jirgi mai gudu ke bari a bayansa ta isa ta kifar da mace da kifinta da goyonta, kuma shi a irin wannan kwalekwalen uwarsa ta goya shi. Ba a jima ba wani jirgin ya zo ya wuce mu a guje, kiɗa na tashi, ya nufi Ilashe inda masu hali suka gina gidajen hutu a bakin teku, da wurin wanka da janareta, katanga ɗaya tsakaninsu da bukkokin masunta. Muka waiwaya muka ga wata tsohuwa ta rungume gefen kwalekwalenta tana jiran ruwa ya lafa.

Can gaba injin ɗaya ya yi tari ya mutu. Wata irin kainuwa ce mai fure shuɗi-shuɗi ta naɗe farfelar. Matuƙin ya ɗaga injin ya shiga cire ta da hannu. Kawu ya ce, “Kainuwa dashen Allah.” Matuƙin ya ce a'a Alaji, wannan ba irin taku ba ce, yana saurayi babu ita a ruwan nan. Gaskiyarsa kuwa, asalinta daga Kudancin Amurka ne, a 1984 aka soma ganin ta a mashigin Badagiri ta shigo daga wajen Benin. Tana yaɗuwa in damina ta sa ruwan ya yi daɗi, ta ragu in rani ya yi gishiri ya ƙaru, amma ba ta taɓa tafiya gaba ɗaya ba. Kawu ya ce, “Ashe ita ma baƙuwa ce.” Taubashina ya ce a hankali, “Ta kuma zauna.” Na yi sauri na miƙa wa kowa kilishi.

Wajen sha ɗaya da rabi muka ɗaure jirgi a Badagiri. Ta mota tafiyar kusan kilomita 70 ce, in cunkoso ya kama ka kuwa sai ka wuni. Gari ne mai sanyin hali, tsofaffin gidaje masu jan kwano suna fuskantar ruwa, ko'ina kwakwa. Mai yi wa baƙi jagora ya soma kai mu wani farin gida da 'yan mishan suka gama a 1845, ya ce shi ne bene na farko a Nijeriya. Kawu ya ce in tambaye shi ko ya taɓa jin hasumiyar Gobarau ta Katsina, ko benayen ƙasa na cikin birnin Kano. Yaron ya yi dariya ya ce duk Bahaushen da ya zo sai ya faɗi haka.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ta wannan gaɓar Baturen nan Kilapaton ya taso a watan Disambar 1825 ya nufi Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda ajali ya riske shi a 1827. Tafintansa kuwa wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, Turawa na ce masa Fasko. An kama shi a Arewa aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har bakin teku, aka sa shi a jirgin bayi, sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin, ya zama ma'aikacin jirgin ruwa, sannan ya dawo ya taka da ƙafarsa har ƙasar Hausa. A 1830 ma yana cikin tafiyar Landa da ƙanensa, waɗanda suka tashi daga Badagiri suka bi Kwara a kwalekwale har inda ta faɗa teku. Na ba Kawu wannan labari, ya ce, “Bagobiri a teku? Lallai wuya ba ta kisa.”

Daga nan aka kai mu gidan Seriki Abas, attajirin da ya rasu a 1919, wanda shi kansa an taɓa bautar da shi kafin ya zama dillalin bayi. Sarautar tasa ma kalmarmu ce ta sarki ta koma haka a bakin Yarabawa. Jagoran ya ce ɗakuna 40 ne a gidan a da, ya shigar da mu ɗaya daga cikin waɗanda suka rage. Ɗaki ne da bai fi shagon mai shayi ba, tagarsa wata 'yar kafa can sama, ya ce mutum 40 ake zubawa a ciki su yi watanni suna jiran jirgi. Ya ɗauko sarƙar wuya ya ce wa zai gwada. Taubashina ya juyo zai tsokane ni kamar yadda ya saba, na ga bakinsa ya buɗe, sai kuma ya rufe. Har muka baro garin ban sake jin ya ce mini bawansa ba, ni ma ban ce masa ba.

Muka koma jirgi muka tsallaka zuwa Geberefu, tsirin yashin da ke tsakanin mashigin da teku. Tafiyar ƙafa ce ta kusan minti 25 cikin rairayi, ita ce hanyar da ake kora bayi zuwa inda jirage ke jira. Mun so Kawu ya zauna a inuwa ya jira mu, ya ce waɗanda suka bi ta da mari a ƙafa ma sun kai. A tsakiyar hanya akwai wata tsohuwar rijiya. Jagoran ya ce abin da aka gada daga bakin kakanni shi ne an zuba mata magani, duk bawan da aka ba shi ya sha sai ya manta garinsu da sunan uwarsa. Yarinyar ta tambayi ubanta me aka ce, ya mayar mata da Yarabanci. Kawu ya leƙa rijiyar, ya juyo gare ni, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

“Ɗan nan, su dai an ɗaure su aka ba su suka sha. Wasu kuwa ba sarƙa ba bulala, da moɗarsu suka zo.”

Wurin ya yi tsit. Taubashina ya sunkuyar da kai, sannan shi ma ya juyo gare ni.

“Malam, ka tambayar mini Baba, ranar da ya hau jirgin ƙasa a Kano a 1975, Kaka ya yarda?”

Kowa a danginmu ya san amsar. Kaka bai yarda ba, sai da aka shekara biyu ba ya karɓar saƙon Kawu. Na ɗauka Kawu zai fusata, sai na ga ya nemi kututturen kwakwa ya zauna. Ya ce, wannan karon yana duban ɗansa ido da ido, “Bai yarda ba. Kuma yanzu na san abin da ya hango. Kakanmu yana da ƙane da ya zauna a Salaga, ya yi aure ya hayayyafa. Yau ko sunan mutum ɗaya daga jikokinsa ba mu sani ba, su ma ba su san da mu ba. Ba talauci nake guje maka ba, ba kuma cewa na yi Ikko ba ta yi maka rana ba, na gani da idona yau. Abin da nake gudu shi ne wata rana jikar wannan yarinya ta wuce ƙofar gidanmu a Kano ba ta san ta wuce ba.”

Taubashina ya durƙusa a rairayin nan. Ya ce, “Baba, in na ce zan bi ka na yi maka ƙarya, nan aka binne cibiyata, nan kabarin Inna yake. Amma filin da Kaka ya bari zan gina shi bana. Duk dogon hutu yaran nan a gabanka za su yi shi. A gidana kuma daga yau Hausa za a riƙa yi.” Kawu bai ce na yarda ba, bai ce ban yarda ba. Ya miƙa masa hannu ya ce, “Tashe ni.” Shi ke nan muka ci gaba da tafiya.

Mai karatu, tekun da ke bayan Geberefu ba irin ta Takwa ba ce. Babu ganuwa, babu tsibiri, igiya ce ke tasowa tun daga inda ido ya gaza ta zo ta fashe a gabanka da ƙarar da sai ka ɗaga murya. In ka miƙe kudu maso yamma ta kan ruwan nan, Birazil za ka tarar. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804 sun zubo da kamammu masu yawa daga ƙasar Hausa zuwa gaɓar nan, ta Ikko da Badagiri da Fotonobo da Wida, kuma ba Turawa ne suka je Arewa suka kamo su ba, hannun namu ne ya miƙa su. A jihar Bahiya ta Birazil Hausawa ne suka kitsa boren bayi na 1807. A babban boren 1835 kuma, wanda aka yi cikin watan azumi, an samu layu da takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. In har sun sha ruwan rijiyar nan, to bai ci su duka ba.

Kawu ya tuɓe takalmi ya naɗe ƙafar wando, ya taka har inda kumfa ke iso masa idon sawu, ya yi alwala da ruwan gishirin, muka yi azahar a kan yashi shi ne liman. Da muka idar ya kira yarinyar ya zaunar da ita a gabansa, ya ce, “Amarya, faɗi abin da zan faɗa.” Ya soma jero mata sunan ubansa, da na kakansa, da na kakan kakansa madugu, da sunan unguwarmu, tana maimaitawa da karyayyar Hausarta, in ta yi kuskure ya ja mata kunne ta yi dariya. Sai da ta kawo su a jere sau uku ba gyara sannan ya sallame ta da ɓarin goro, ta ɗanɗana ta tofar.

Ƙarfe uku matuƙin ya ce mu tashi, don ba a son dare ya riski jirgi a ruwan nan, ga kututture ga komar masunta ga hazo. A hanyar dawowa ruwa ya janye, saiwoyin itatuwan nan sun fito fili da laka a jikinsu. Kawu ya sayi kwakwa goma da busasshen kifi a hannun wata mata da ta matso da kwalekwalenta, ya yi ciniki da Yarabanci har sai da ta ce Alaji ya fi ta iya kasuwa. Kafin mu kai Tinkan barci ya kwashe shi a zaune, hannuwansa biyu a kan cinya.

Bayan ƙaramar sallar 2024 Kawu ya koma Kano kamar yadda ya faɗa, shi kaɗai da amaryarsa ta gaske. Rumfar goron ya bar wa yaronsa da ya shekara 20 yana yi masa hidima. Ginin filin Kaka ya kai linta kafin damina ta sauka, a watan Agusta kuma aka sako yaran a mota su uku suka yi mako biyar. Ranar da za su koma na je sallama, na tarar da yarinyar a zaure tana yi wa wata 'yar maƙwabta gardama da Hausa a kan ɗankunne, Kawu yana kishingiɗe yana jin su, bai sa baki ba.

Ku kuma 'yan'uwa mazauna Ikko, ba sai kuna da taubashi mai jirgi ba, akwai jiragen haya da ke tashi daga Marina da Falomo da sauran tashoshi. Ku zaɓi lokacin rani, ku fita da safe, ku ɗaura rigar ruwa ko da matuƙi bai ce ba, kada kuma ku yarda a yi muku lodin da ya wuce ƙa'ida. In da hali ku ɗauki tsofaffinku da yaranku a jirgi ɗaya.